Bututun Injiniya Badamasi

Bari in fara da gaya muku cewa Badamasi ba injiniya ba ne, kuma bai taɓa zama ba. Ɗan acaɓa ne. Ni Sabo na san shi tun muna yawo ba wando, don taubashina ne: babansa, Allah ya jiƙansa, ƙanen Innarmu ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Injiniyancin ya samo asali ne ranar da ya kai wani fasinja Tudun Wada wajen bitar masu haɗa wutar sola. Fasinjan ya ce ya jira shi. Shi kuma da ya leƙa ya ga fanka na juyawa a ɗakin taron, sai ya sulale ya zauna a kujerar baya. Da aka zo rabon kaya aka miƙo masa hular kwano ruwan ɗorawa da testa ta gwada wuta, ya sa hannu ya karɓa. Aka kawo shinkafa da kaza, nan ma bai yi musu ba. Kafin fanka da shinkafa su haɗu su yi awon gaba da shi, kunnensa ya kama doka guda ɗaya tak daga bakin mai koyarwa: duk inda lahani zai iya samun waya, dole a saka ta cikin bututu. Sauran dokokin yana minshari aka karanta su.

Tun daga ranar muka shiga uku. Hular nan ba ta barin kansa sai zai yi sujada. Testa kuwa tana aljihun gaba, duk abin da ya gani sai ya dangwala masa: ƙofar masallaci, butar mai shayi, har akuyar mutane. Ya duba ya gyaɗa kai ya ce, "Babu wuta." Mu da garin gaba ɗaya babu wuta.

Garinmu a gefen dam ɗin Tiga yake, ƙasar Bebeji. Ruwa muna da shi har ya yi yawa, amma na sanyi sai dai a labari. Idan azumi ya faɗo cikin zafi, daga Kwanar Dangora ake ɗauko ƙanƙara, kafin ta iso rabinta ya tsiyaye a hanya. Wannan ne ya daɗe yana cin Innarmu, Inna Turai, wadda sana'arta zoɓo da kunun aya. A tsakiyar Sha'aban ta yanke shawara: ta sa aka karɓo saniyarta da ke kiwo a hannun Fulani, aka sayar, aka sayo mata firiza fara tas daga Kano, da farantan sola, da batir, da naɗin waya baƙa wuluk. Saniyar nan ita kaɗai ce dukiyar Inna. Ta ce in Allah ya yarda ranar ɗaya ga azumi mutanen garin nan da ƙanƙararta za su sha ruwa.

Mai shagon ya ce zai turo mai haɗa musu. Badamasi na jin haka ya zo gida a fusace, ya durƙusa ya gaida Inna, hula a kai.

"Gwaggo, ashe na mutu ban sani ba?"

"Wace irin magana ce wannan, ɗan nan?"

"Ai sai wanda ba shi da injiniya a dangi yake ɗauko bare. Me za a ce a gari? A ce ɗan ƙanenki bai iya ba?"

Na ce, "Gaskiya za a faɗa ke nan."

Inna ta harare ni. Matsalar Inna ita ce duk wanda ya ambaci ƙanenta marigayi, ya gama da ita. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ka haɗa, Badamasi. Amma ka ji ni da kyau, kafin a ga wata nake so."

"Gwaggo, wata ma a hasken firizarki za a gan shi."

Aikin ba wani aiki ba ne. Farantan an ɗora su a kan rufin zaure, don nan ne rana ta fi duka. Firiza tana ɗakin Inna, a ɗaya gefen tsakar gida, ƙarƙashin inuwar mangwaro. Tsakanin zaure da ɗakin, idan ka jefa wa mutum ashana zai cafe. Matata Hamdiyya ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Injiniya, ba sai a miƙe ta ta sama ba, daga rufi zuwa rufi?"

Badamasi ya yi mata kallon tausayi. "Tsuntsu fa?"

"Tsuntsu yana cin waya ne?"

"Doka ba ta tsaya jiran sai ya ci ba. Tunda zai iya sauka a kai, lahani ya samu ƙofa. Ga iska. Ga jemage. Ga mangwaro yana faɗowa. Ke kin san nauyin mangwaro idan ya taho daga sama?"

"To a binne ta nan tsakar gida, a miƙe."

Ya taka zuwa tsakiyar gidan ya nuna turmi da testa. "Me ake yi a nan?"

"Daka."

"Girgizar ƙasa ke nan, safe da yamma." Ya matsa gaba. "Nan fa?"

"Murhu."

"Gobara." Ya nuna inda Inna ke alwala. "Ambaliya." Ya nuna kajin da ke tono a gindin bango, ya girgiza kai kawai.

Ranar ya wuni yana zagaye gidanmu da sanda yana jan layi a ƙasa. Duk inda ya hango lahani sai ya karya kwana. Da ya gama, layin ya sauko daga rufin zaure, ya fice waje ta ƙofar gida, ya bi bayan katanga, ya kauce wa turken awaki, ya zagaye rumbu, ya kauce wa saiwar darbejiya, ya kutsa ƙarƙashin dangar maƙwabcinmu Baffa Muhuyi, ya gewaye rijiyarsa, ya dawo, sannan ya nufi ɗakin Inna ta baya. Wanda ya bi layin da ƙafa sai ya nemi ruwan sha a hanya.

Baffa Muhuyi tsohon masunci ne, yanzu aikinsa gyaran raga a ƙofar gida da sa ido. Ya ɗago kai ya ce, "Badamasi, wayar nan ziyarar dangi za ta je ne kafin ta iso?"

"Baffa, ilimi ne. Ba irin na kifi ba."

"Allah ya ba da sa'a. Idan ta zo wucewa ta gidana ta yi sallama."

Sai maganar bututu. Na gani a gidajen Kano, ɗan siriri ake sakawa, kamar yatsa. Badamasi ya ce wannan na matsorata ne. Tunda doka kariya take so, gwargwadon girman bututu gwargwadon kariya. Ina gona ya shiga rumfata ya kwashe bututan ban ruwana, waɗanda hannun ƙato ke shigewa ciki har kafaɗa. Da na dawo na tarar ya yayyanka su gunduwa-gunduwa.

Na ce, "Kai, ɓarawon bututu! Da me zan ba tumatir ruwa?"

Ya ce, "Tumatir ba ya cikin doka."

Na kai ƙara wajen Inna, ta ce in yi haƙuri, maraya ne. Maraya mai gemu da 'ya'ya!

Aka shiga haƙa. Ya tona rami tun daga ƙofar gida har bayan ɗaki, mai zurfin da ya kai ƙugu, wai saboda garma, ko da yake tunda aka kafa garin ba a taɓa huɗa a ƙofar gidanmu ba. Akuyar Hamdiyya ta faɗa ciki. Liman ya faɗa ciki. Badamasi ya taimaka aka ciro su, ya kuma yi wa Liman bayani cewa da a ce waya ce tsirara a wurin, da yanzu ya lahanta ta. A kowace kwana ya sa gwiwar bututu ya shafe da gam. Da ya iso bayan ɗakin Inna, ya fasa gindin bangon, bangon jar ƙasa, ya zuro bakin bututun ciki dab da firiza. Sannan ya mayar da ƙasa, ya daddaɓe, ya bi kowace kwana da siminti saboda gara.

Ya tsaya a kai yana karkaɗe hannu. Mutane suka taru suna kallo. Wallahi har ni sai da na ji aikin ya yi kyau.

Baffa Muhuyi ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Ina wayar?"

Aka waiwaya. Wayar tana rataye a zaure, a naɗe, yadda ta zo daga Kano.

Badamasi ko gezau. "Baffa, waya ai amarya ce. Sai an gama gyara ɗaki take tarewa."

Amarya dai ta ƙi tarewa. Ya zura bakin wayar, ta shiga kamar kamu biyu ta ci karo da gwiwar farko ta tsaya. Ya tura, ta lanƙwashe. Ya murza, ta dawo. Ya zaro ta a hankali, ya goge ta da gefen rigarsa, ya hura mata iska, ya ce santsi ne babu.

Ya sa Hamdiyya ta kaɗa masa karkashi tukunya guda, ba gishiri ba daddawa. Ya ɗura shi cikin bututu yana bismillah. Karkashi ya tafi, bai dawo ba, bai kuma fita ta ɗaya gefen ba. Waya ta shiga kamu biyu ta tsaya inda ta tsaya ɗazu, sai dai yanzu tana yauƙi.

Hamdiyya ta ce, "A kawo tuwo ne, Injiniya?"

Bai kula ta ba. Ya wanke wayar da sabulu, ya shanya ta a inuwa, ya naɗe ta cikin tsohon zane ya kai ɗakinsa. Ya ce ba za ta sake fitowa ba sai hanya ta buɗe, don wannan turawar ma lahani ce. Dabarar yanzu ita ce a fara ratsa zare ta cikin bututun, in ya fita can sai a ɗaura waya a ja.

"Wa zai kai zaren?" in ji Baffa.

"Gafiya."

Akwai wata gafiya da ta addabi rumbun Baffa Muhuyi, ya kama ta a tarko da ranta. Badamasi ya karɓo ta, ya ɗaura mata zaren fatsa a ƙugu, ta cije shi a babban yatsa, ya cusa ta a bakin bututu ya toshe da tsumma. Zare ya fara warwarewa da gudu. Badamasi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga kimiyya ko?"

Zare ya rage gudu. Ya tsaya. Aka jira. Inna tana ɗaki da muciya a hannu tana gadin ɗaya bakin, ba abin da ya fito. Da Badamasi ya gaji ya jawo zaren, sai ya taho sakayau, an datse shi da haƙori.

Baffa ya ce, "Ta samu gida ke nan. Ga sanyi, ga miya, ba mage ba kare. Ni ma da na samu irin wannan ba zan fito ba."

"Za ta fito," in ji Badamasi. "Hayaƙi."

Yadda ake korar gafiya daga rami kowa ya sani a garin nan: garwashi, ƙaiƙayi, busasshen barkono. Abin da Badamasi ya manta shi ne ramin nan bakinsa na biyu a ɗakin Gwaggonsa yake. Ya hura, ya yi fifita da murfin tukunya har gumi na ɗiga daga hula. Can sai muka ji tari. Inna ta fito da rarrafe, hawaye shaɓe-shaɓe, ta kasa ko zagi. Hamdiyya ta biyo ta tana atishawa. Kaji suka watse. Gafiya ba ta fito ba.

Da Inna ta samu numfashi ta ce, "Badamasi, zo nan."

Ya zo ya durƙusa daga nesa, inda muciya ba za ta kai ba.

"Saniyata na sayar. Ka san haka?"

"Na sani, Gwaggo. Amma ki duba abu ɗaya. Tunda hayaƙi ya iso ɗakinki, hanya a buɗe take. Wannan ai nasara ce."

A daren ranar aka ga wata.

Washegari ɗaya ga azumi, rana ta fito kamar da gayya. Inna tun asuba ta dafa zoɓo, ta tace kunun aya, ta ƙulla a leda ta jera su cikin firizar da ba wuta, ta rufe, ta zauna a gefe ta zuba tagumi. Ban taɓa ganin Inna a irin wannan hali ba, kuma gaskiya ta ba ni tausayi. Shi kuwa gogan, bayan sallar azahar ya miƙe a masallaci ya sanar da jama'a cewa yau za a ƙaddamar da aiki, kowa ya zo da kwanonsa, kafin magariba ƙanƙara sai an ture.

Na ja shi gefe na ce, "Kai, ko yanzu aka kunna ta ba za ta daskare kafin magariba ba."

Ya ce, "Wannan a wayar da ta sha wahala ke nan. Tawa hutacciya ce."

Sabuwar dabarar ruwa ce. Ya yanko guntun tsohon silifa, irin wanda masunta ke ɗaura wa raga don ta yi iyo, ya ɗaura masa zaren fatsa. Za a saka silifan a bututu, a haɗa tiyon injin ban ruwana a baki, ruwa ya tura shi har ɗakin Inna. Ya ce ruwan da za a buƙata bai fi cikin buta ba. Don kada ko ɗigo ya taɓa ƙasa, ya ƙara gwiwa a bakin da ke ɗaki, ya buɗe firiza ya saita bakin a cikinta.

Inna ta ce, "A kan zoɓona?"

"Wanke ledojin zai yi, Gwaggo. Tsafta ce."

Na ce ba zan ba da injina ba. Inna ta dube ni da jajayen idanun da barkono ya bari ta ce, "Ba shi, Sabo. In dai za a gama."

Injin yana can bakin kwatar ban ruwa, bayan gidaje, inda ko ihu aka yi ƙararsa ba za ta bari ka ji ba. Muka ja tiyo tun daga can har ƙofar gida. Badamasi ya ce ni zan tsaya a kan inji, shi kuma zai hau katanga inda zan hango shi.

"In ka ga na ɗaga hula, ka ƙara wuta."

"In kana so a kashe fa?"

"Ba za a kai ga haka ba."

La'asar ta yi, ƙofar gidanmu ta cika. Maza a inuwar darbejiya, leɓɓa a bushe, kowa da kwano ko kula. Mata sun cika tsakar gida. Har daga rugar da ke bayan gari an zo da ƙwarya. Na tayar da inji na zauna a kan dutse ina kallon katanga.

Hula ta ɗaga. Na ƙara.

Aka jima. Hula ta sake ɗagawa. Na ƙara.

Tiyo ya kumbura ya yi tauri, injin ya fara wani irin gurnani da ban san shi da shi ba. Sai na ji wani tum daga cikin gari, har ƙasa ta amsa a ƙarƙashina. Na duba katanga. Hula tana sama, tana kaɗawa hagu da dama, sama da ƙasa, mai ita yana tsalle kamar wanda ya taka garwashi.

To ni dai abin da aka gaya mini shi na sani. Na murɗe inji har ƙarshe.

Hula ta ƙara haukacewa. Na duba ko akwai sauran abin murɗawa, babu. Ina cikin tunanin yadda zan ƙara masa, sai na hango mata suna fitowa daga zaurenmu a guje, mayafai a hannu, maza suna darewa. Ban ankara ba sai ga Hamdiyya a kaina, jiƙe sharkaf, ja wur tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta kai hannu ta kashe injin, ta juyo ta dube ni.

"Kai ma ɗin injiniya ne?"

Abin da ya faru, ita ta ba ni labari muna gudu zuwa gida. Da farko ba abin da ya fito sai wani huci mai warin barkono. Mata suka matso suna leƙe. Sai bututun ya yi tari sau ɗaya, ya harbo gafiya, da ranta, tana sheƙi da karkashi, ta daki murfin firiza ta faɗo kan cinyar Inna. Bayanta sheƙar da ta yi da ƙaiƙayi, bayan sheƙa kwaɗi, bayan kwaɗi guntun silifa da zarensa, bayan silifa kuma dam ɗin Tiga gaba ɗaya. Ledojin zoɓo suka fashe. Firiza ta cika ta tumbatsa, jan ruwa ya malale ɗaki ya fito tsakar gida, wata mata ta ƙwalla ihu wai an yanka mutum.

Muna isowa, mutanen da suka gudu sun zagayo bayan gida suna kallo daga nesa. Ruwan ya daɗe yana cin gindin bangon da Badamasi ya fasa. A gaban idon kowa, bangon bayan ɗakin Inna ya ɗan yi tunani, sannan ya zauna a hankali kamar tsohon da ya gaji.

Ga ɗakin Innarmu a buɗe, duk gari na kallo. Katifa ta sha ta ƙoshi. Kwallaye sun kife. Firiza na tsaye a tsakiya cikin laka har rabin jikinta, cike da jan ruwa, kwaɗo ɗaya yana iyo a ciki a natse.

Ba wanda ya yi dariya, don Inna na tsaye a wurin. Ta daɗe tana kallon firizar. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ina yarinya ruwa ya tashe mu daga tsohon garinmu. A kan jaki aka ɗauko ni, ina kallon ɗakin uwata yana nutsewa. Na ce to, mun hau tudu, mun rabu da shi. Ashe ɗan ƙanena zai je ya ɗauko shi ya kawo mini har gado."

Baffa Muhuyi ya sunkuyar da kai, don shi ma a jakin ya zo.

Ana cikin haka sai ga Badamasi ya ratso jama'a, rungume da wani abu a tsohon zane. Ashe da ya diro daga katanga gida ya ruga. Ya tsaya a kan ɓaraguzan bangon, ya gyara hula, ya warware zanen ya ɗaga naɗin wayar sama.

"Jama'a, a yi adalci. Doka cewa ta yi a kare waya daga lahani. Ga ta nan. Duk mai ido ya matso ya duba. Ko ƙwarzane babu."

Aka duba. Wallahi gaskiya ya faɗa. A duk gidan nan, daga bango har akuya, ita kaɗai ce ba abin da ya same ta.

Inna ta miƙa hannu. "Kawo."

Ya miƙa mata da hannu biyu, yana jiran yabo. Ta ba ni bakin wayar guda ta ce in hau in ɗaura a ƙusar rufin zaure, nan gindin farantan sola. Ta ba Hamdiyya ɗaya bakin ta ce ta taka turmi ta ɗaura a azarar ɗakin da firiza take, ta gefen da bai faɗi ba. Muka ja ta miƙe. Sannan Inna ta fara kwaso jiƙaƙƙun zannuwanta tana matsewa tana miƙo mini ina shanyawa a kai.

Wayar ta tashi daga farantan sola ta sauka daidai saman firiza, a miƙe sak, har da saura mai yawa yana reto. Ta wuce turmi, ta wuce murhu, ta wuce kaji, can sama inda ko akuya ta yi tsalle ba za ta kai ba. Jama'a suka bi ta da ido daga wannan rufi zuwa wancan. Sannan suka juya suka bi layin simintin da ya zagaye rabin unguwa. Sannan suka dubi Badamasi.

Ya yi gyaran murya. "Gwaggo, wannan fa ya saɓa wa doka. Jiƙaƙƙen zane lahani ne."

Nan ne Baffa Muhuyi ya kasa riƙewa. Dariya ta ƙwace masa har ya zauna a laka, jama'a suka ɗauka, masu kwano suna buga kwano, har wanda azumi ya kwantar sai da ya tashi ya dara. Ladan ya kira magariba, gari ya sha ruwa da ruwan randa mai ɗumi, kamar bara.

Inna ta kurɓi nata a tsaye, ta ajiye moɗa. "Badamasi."

"Na'am, Gwaggo."

"Firizar nan ko za ta tashi ko ba za ta tashi ba, sai ta bushe mai shago ya turo barensa ya duba. Kafin nan, na yi wa mutane alkawarin ƙanƙara, kuma ba zan zama maƙaryaciya da furfurata ba. Babur ɗinka yana nan?"

"Yana nan."

"Kullum da azahar ka hau shi ka je Kwanar Dangora ka ɗauko mini buhu guda. Kullum, har Sallah. Da safe kuma ka zo ka kwaɓa ƙasa ka tayar mini da bango."

Badamasi ya ɗaga kai ya dubi sama, inda ranar gobe za ta tsaya.

"Gwaggo, da azahar? Da bakin azumi? A wannan zafin ai kafin in iso ta narke. Rana za ta lahanta ta."

Inna ta ɗauki wani jiƙaƙƙen zane ta matse, ta miƙo mini, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ka saka ta a bututu."